Yadda Ake Bin Diddigin Lissafin Kabon na Gona da Daji

Idan aka ajiye maka rahoto aka ce wani aikin dashen itatuwa ko na kare daji ya zuƙe tan dubu kaza na iskar kabon dayoksaid, aka ce ka duba ka sa hannu, aikinka guda ɗaya ne: ka kama adadin nan ka bi shi a baya a baya har ya kai ka gindin wata bishiya da za ka iya dafawa, ko wani fili da za ka iya takawa. Duk abin da ya ƙi biyuwa, ka cire shi. Ni ma'aikacin gandun daji ne, yawancin aikina a ƙasar Daura da Kazaure da tsallaken iyaka wajen Magarya, kuma abin da zan zayyana shi ne yadda nake bin wannan diddigi a irin ƙasarmu ta gawo da sabara, inda hanyoyin da aka tsara don kurmi mai duhu suke yawan yin tuntuɓe.

Aikin ya wuce zancen taron otal. A ƙarƙashin yarjejeniyar Paris ta 2015 kan sauyin yanayi, ana son ƙasashe su riƙa kai rahoton iskar da suke fitarwa da wadda ƙasarsu ke zuƙewa duk bayan shekara biyu, an sa ƙarshen 2024 wa'adin na farko, tare da sassauci ga ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi irin su Nijar. Najeriya ta yi dokar sauyin yanayi a 2021. Ga kuma kamfanoni suna shiga ƙauyuka da takardar yarjejeniya, suna cewa za su sayi kabon da ke cikin itatuwan gona. Idan lissafin ya kumbura, wani can a Turai zai ci gaba da sakin hayaƙinsa da sunan an goge masa a nan, alhali ba a goge komai ba. Idan kuma ya yi ƙasa, an cuci manomin da ya yi shekara ashirin yana renon gawo. Duka biyun suna damuna.

Iyaka, shekara, da abin da ake kira daji

Kafin ka buɗe shafin lissafi, nemi iyakar filin a matsayin fayil ɗin taswira da za ka ɗora a kwamfutarka. Hoton taswira da aka manna cikin rahoto ba ya isa. Nemi kuma shekarar da aka fara lissafi da wadda aka rufe, sannan ka tambayi wace ma'anar daji suka yi aiki da ita.

Ƙa'idojin da duniya ke bi su ne na kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, wato IPCC, waɗanda suka fito a 2006 aka yi musu gyaran fuska a 2019. Sun kasa fili gida shida: daji, gona, filin ciyawa da kiwo, dausayi, matsugunin mutane, da sauran fili irin dutse da rairayi. Kowace hekta gida ɗaya take shiga. Don haka gwajin farko ba ya bukatar komai sai na'urar lissafi ta waya: tara hektocin gidaje shidan nan a shekarar farko, tara su a ta ƙarshe. Dole jimla ta zo ɗaya, domin ƙasa ba ta ƙaruwa. In ba ta zo ɗaya ba, ka mayar musu da takardarsu su gyara kafin ka ɓata man babur.

Ma'anar daji kuwa ta bambanta. Hukumar abinci da noma ta duniya, FAO, tana cewa fili ya kai rabin hekta, inuwar itatuwa ta rufe fiye da kashi 10 cikin ɗari, itatuwan su iya kai mita 5, kuma kada ya zama noma ne babban aikin da ake yi a wurin. Najeriya a lissafinta na daji ta ɗauki rabin hekta, kashi 15, da mita 3. Abin lura shi ne a yi aiki da ma'ana ɗaya daga farko har ƙarshe. Na ga rahoton da ya auna shekarar farko da ma'ana mai tsauri, ta ƙarshe da mai sauƙi, sai ga daji ya tsiro a takarda ba a dasa ko tsinke ba.

Gonar gero mai gawo talatin a ciki gona ce, ko da inuwarta ta wuce kashi goma. Kabon ɗin itatuwanta ana lissafa shi, amma a gidan gona. A nan ake yawan yin ɗayan kuskure biyu: ko a manta da itatuwan gona kwata-kwata don ba daji ba ne, ko a ƙirga su sau biyu, a gona da daji. Ka kuma tuna filin da aka sassabe ya koma gona ana riƙe shi a rukunin wanda ya sauya har shekara 20, saboda ƙasarsa ba ta gama sakin kabon ɗinta a shekara ɗaya.

Abin da ke ajiye daban, abin da ya ƙaru daban

Ka ɗauki fili kamar rumbu. Hatsin da ke ciki yau abu ɗaya ne, abin da aka zuba bana a debe abin da aka ɗiba wani abu ne. Yanayi bai damu da abin da ya daɗe a rumbu ba, abin da ya shiga da abin da ya fita a cikin shekarun lissafi shi ne magana. Kuskuren da ya fi kowane girma, kuma ya fi kowane yawa, shi ne a auna dukan kabon da ke jikin tsofaffin itatuwa a rubuta shi a matsayin abin da aikin ya zuƙe. Kukar da ta girmi kakan mai gari ba a bana ta tara jikinta ba.

Hanya biyu ake bi. Ko a auna abin da ke ajiye a lokaci biyu a debe, a raba da yawan shekaru. Ko a lissafa girman da itatuwa ke yi a shekara, a debe abin da aka sare da abin da wuta ta ci da wanda ya mutu. Ka gano wacce suka bi. Sannan ka duba wuraren ajiyar kabon guda biyar: jikin itace na sama, saiwa, mataccen itace, ganye da karmami da suka zube, da ƙasa kanta. An yarda a bar wani in an ba da hujja, amma a lura da wanda aka bari. In wanda zai rage musu adadi ne kullum ake mantawa, ka rubuta.

Hekta nawa

Duk lissafin nan ninkawa ce: yawan hekta sau kabon na kowace hekta. Mutane sun fi son gardama kan na biyun, alhali a ɓangaren hekta ake tafka ɓarna.

Akwai hotunan tauraron ɗan'adam na kyauta. Landsat yana ɗaukar hoto tun 1972, kowane ɗigo a hotunansa na yanzu mita 30 ne. Sentinel-2 na Turai ya fara a 2015, ɗigonsa mita 10. Matsalar ita ce gawo guda a tsakiyar gona ya kan ɓace cikin ɗigon mita talatin, shi ya sa taswirorin daji na duniya suka daɗe suna nuna Sahel kamar fili fetal. Wani bincike da aka wallafa a 2020, wanda ya yi aiki da hotuna masu kaifi sosai, ya ƙirga itatuwa sama da biliyan 1.8 a yankin Sahara da Sahel na yammacin Afirka, inda a da ake ganin babu komai. Saboda haka in rahoto ya dogara kacokan ga taswirar daji ta duniya don faɗin abin da ke gonakin Zangon Daura, bai ga rabin abin da ke wurin ba.

Watan da aka ɗauki hoton ma magana ce. Da damina komai kore ne, gero da ciyawa da itace sun haɗe, ba ka bambance su. Shi kuwa gawo da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore shar. Hoton Agusta zai nuna maka gona cike da kore amma babu gawo, hoton Fabrairu zai nuna gawo ɗaya bayan ɗaya a kan farar ƙasa. Don haka nake neman hotunan tsakiyar rani, kuma na shekarar farko da na ƙarshe su zama na wata ɗaya. Wanda ya kwatanta Maris na shekarar fari da Oktoba na shekarar ruwa, ruwan sama ya auna.

Kada ka yarda da hektocin da aka ƙirga kai tsaye daga taswira mai launi. Kowace taswira tana da kuskure. Ka watsa ɗigogi ɗari biyu ko uku a kan filin, kwamfuta ta zaɓa ba kai ba, ka yawaita su a rukunin da aka ce ya sauya tunda shi ne ƙarami kuma shi ke ɗauke da adadin. Ka buɗe kowane ɗigo a hoto mai kaifi, manhajar Collect Earth ta FAO ko Google Earth sun wadatar, ka rubuta abin da idonka ya gani a shekarun biyu. In taswira ta ce sabon daji ne a ɗigo hamsin, kai kuma ka ga haka a talatin da biyar kawai, to da abin da ɗigoginka suka nuna za ka gyara hektocin.

Shiga fili

Fara da ƙofar mai gari, ko da kana da takarda daga sakatariya. Ka yi bayani a fili: "Ranka ya daɗe, awon itatuwa ya kawo mu. Ba mu zo ƙwace gona ba, ba mu zo aza haraji ba, ba kuma za mu sare ko reshe ba." Wannan ba gaisuwa ba ce kawai. Mutanenmu sun sha tara a hannun ma'aikatan daji, in suka ga baƙo da tef yana zagaya gawo, hankalinsu ba ya kwanciya. Nemi a haɗa ka da dattijo ɗaya da ya san tarihin gonakin. Shi zai ce maka, "Malam, nan da kake tsaye har bayan yunwar 84 babu ko sanda, wannan duk toho ne muka bari." Irin wannan magana ta kan warware abin da hoto ya kasa.

Wuraren awo a ofis ake zaɓar su, kwamfuta ta jefa, ka loda su a GPS. Ma'aikatan aikin za su so su kai ka inda ya fi kyau, kusa da hanya, kusa da rijiya. Ka gode musu ka bi GPS ɗinka. In wani wuri bai shiguwa saboda tsaro, kamar yadda lamarin yake a sassan dajin Rugu da makamantansa, kada ka sa ranka da na yaranka a haɗari, kada kuma ka musanya shi a ɓoye da wani na bakin titi. Rubuta cewa ba a je ba, ka faɗi hekta nawa ke nan ba a taka ba.

A daji mai kauri ina amfani da da'ira mai igiyar mita 17.84 daga tsakiya, wadda ke ba da kashi ɗaya cikin goma na hekta. A gona, inda itatuwa suke warwatse, wannan ta yi ƙanƙanta: za ka iya faɗawa inda babu ko ɗaya, ko inda uku suka taru, adadin ya yi ta tsalle. A nan gara hekta guda cur, mita ɗari sau ɗari. Itacen da ke bakin iyaka, in tsakiyar gindinsa na ciki a ƙirga, in na waje a bari, ba a yi masa alfarma don ya yi girma.

Kaurin itace ana auna shi a tsayin mita 1.3 daga ƙasa. Yanke sanda daidai wannan tsayi ka riƙa jinginawa, kada ka dogara da ƙirjinka, don ƙirjin kowa da tsayinsa. In tef ɗin tela ne a hannunka, auna kewaye ka raba da 3.14. A gangare ka tsaya ta sama. In itacen ya rabu biyu ƙasa da sandar, auna kowane reshe daban. Tsawo kuwa akwai na'urar auna kusurwa, akwai ta waya. In babu, ja da baya har ƙololuwar ta zo daidai kusurwar digiri 45 daga idonka, nisanka da gindin a tara da tsayin idonka shi ne tsawon.

Bari mu yi lissafin gawo guda tare. Kewayensa santimita 126, kaurinsa ke nan 40. Tsawonsa mita 12. Mu ɗauki nauyin katakonsa giram 0.55 a kowane santimita kiyubik. Fomular da aka fi amfani da ita ga itatuwan ƙasashe masu zafi, ta Chave da abokan aikinsa ta 2014, tana cewa a ninka nauyin katako da kauri sau kansa da tsawo: 0.55 sau 1,600 sau 12, ya ba da 10,560. A ɗaga wannan zuwa ƙarfin 0.976, a ninka da 0.0673. Za ka samu kilo 570 ko kusa, busasshen nauyin abin da ke sama. Saiwa ba a tono ta, kaso ake ƙarawa. In muka ɗauki 0.28, ɗaya daga alƙaluman IPCC na busasshen daji, jimla ta kai wajen kilo 730. Kabon kashi 47 cikin ɗari ne na wannan, kilo 342 ke nan. A mayar da shi kabon dayoksaid ta ninkawa da 44 a raba da 12, wato 3.67. Sakamako: tan ɗaya da kwata. Ka riƙe wannan a ka. Duk wanda ya ce maka dashen shekara uku mai kaurin yatsa biyu ya zuƙe tan guda, ka san inda za ka fara tono.

Fomular nan tana da iyaka a wurinmu, kuma a nan ne nake daɗewa. Yawancin itatuwan da aka sare aka auna don gina ta na daji ne masu cikakken kai. Gawon gona kuwa makiyaya suna sassaɓe masa rassa da rani don dabbobi, wani sai ka ga gindi ƙato amma kai kamar an yi masa aski; in ka ba shi cikakken adadi ka yi ƙari. Ka ware shafi na yawan rassan da aka sare, ka rage. Kuka ta fi ɓatar da mutane: gindi ya cika ido, amma cikinsa laushi ne da ruwa, wata ma rami ce, katakonta bai kusa da nauyin na kirya ko marke ba. Kuka ɗaya da aka ba nauyin katako na gama-gari tana iya kumbura lissafin wuri gaba ɗaya. Goruba da giginya ba sa ƙara kauri yadda sauran itatuwa ke yi, tsawo ne ma'auninsu, fomularsu daban. Sabara da kalgo ba su da gindi ɗaya da za ka ɗaura wa tef, sai a auna faɗin kai da tsawo, ko kaurin rassa kusa da ƙasa. Ka duba ko akwai fomular da aka gina a Sahel don irin itacen. Masu bincike a Nijar da Burkina Faso sun yi wa wasu. Kuma ka tabbata ba a yi amfani da fomula a kan kaurin da ya wuce wanda aka gina ta a kai ba.

A matsayinka na odita ba dukan wuraren awonsu za ka sake ba. Ɗauki kamar ɗaya cikin goma, ka auna ba tare da ka leƙa takardarsu ba, sannan ka kwatanta. Saɓanin santimita ɗaya ko biyu, wani sama wani ƙasa, aikin hannu ne. In kuwa kullum nasu ne ya fi girma, ko ka tarar da kututture inda suka rubuta bishiya, ko lambobinsu duk suna ƙarewa da sifili da biyar, to akwai wanda ya cike fom a inuwa.

Ƙasa

Kabon na ƙasa ana auna shi zuwa zurfin santimita 30. Abu biyu ake bukata: kason kabon daga ɗakin gwaji, da nauyin ƙasar a ma'auni sananne, wanda ake samu ta buga zoben ƙarfe a ciro shi cike, a busar a auna. Ƙasar jigawa mai kabon kashi 0.3 cikin ɗari da nauyin giram 1.5 a kowane santimita kiyubik tana riƙe da tan 13.5 na kabon a hekta. Ƙasar gindin gawo ta fi ta tsakiyar gona, kowane manomi ya san haka daga yadda gero ke yi a wurin, don haka samfurin da aka ɗiba a gindin itace kaɗai ba ya wakiltar gona. A haɗa na gindi da na fili gwargwadon faɗinsu, kuma ɗakin gwaji ɗaya da hanya ɗaya a duka shekarun.

Ra'ayina a nan a fili yake: kabon na ƙasa a hankali yake motsi, bambancin wannan kusurwar gona da waccan ya kan fi abin da zai ƙaru cikin shekara uku ko huɗu. Rahoton da ya yi iƙirarin babban ƙari a ɗan wannan lokaci da samfur kaɗan, ba na amincewa da wannan ɓangaren nasa.

Wuta, gawayi da itacen girki

Ciyawar da ta ƙone da rani tana sake fitowa da damina ta mayar da kabon dayoksaid ɗinta, don haka ba a lissafa shi. Amma wutar tana sakin metan da naitiros oksaid, su kuwa ba sa dawowa, dole a rubuta su. A lissafin da ake bi yanzu, tan ɗaya na metan daidai yake da tan 28 na kabon dayoksaid, na naitiros oksaid 265. Duba ko waɗannan suka yi amfani da su, don tsofaffin rahotanni suna da wasu alƙaluman. Taswirar ƙuna ta MODIS, wata na'urar tauraron ɗan'adam, ɗigonta mita 500 ne, ƙananan gobarar mafarauta da ƙunar sassabe suna wuce ta. Tambayi mutanen gari, ka duba baƙin tabo a gindin itatuwa.

Itace da gawayi sai da sikeli. Ka tsaya bakin hanyar da amalanke ke fitowa, ka auna dami, ka auna buhu, ka tambayi sau nawa ake fita a mako, rani da damina. Ɗanyen itace da busasshe ba nauyinsu ɗaya ba, lissafi kuma da busasshe ake yi. Gawayin da ake turarawa a ƙarƙashin ƙasa yana cin itace ninki biyar zuwa goma na nauyinsa, saboda haka buhu ɗaya a tasha itace ne mai yawa a daji. A rahoton ƙasa, kabon dayoksaid na itacen girki a ɓangaren fili ake rubuta shi, lokacin da aka sare; in aka sake tara shi a ɓangaren makamashi an ƙirga sau biyu.

Da ba a yi aikin ba fa?

Wannan tambayar ba tef ke amsa ta ba, kuma ita ce ta fi nauyi ga aikin da ke son sayar da kabon. Abin da ake biya shi ne bambanci tsakanin abin da ya faru da abin da zai faru da aikin bai zo ba. Mai son adadi ya yi yawa sai ya zana mummunan hasashe, ya ce da ba don shi ba da an cinye dajin cikin shekara goma. Ka koma hotunan shekara goma ko sha biyar kafin aikin ka ga saurin saran na gaskiya, ka kuma nemi wani yanki mai kama da shi da aikin bai taɓa ba ka ga yadda ya kasance.

Kudancin Nijar babban misali ne. Tun shekarun 1980 manoman Maradi suka fara barin tohon kututture a gona suna gyara shi, abin da suke kira sassabin zamani, wanda Tony Rinaudo, masanin noma ɗan Ostireliya, ya taimaka wajen yaɗawa. Aka kiyasta ya kai wajen hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a Maradi da Damagaram da kewaye. Aikin da ya sauka a irin wannan wuri jiya ba shi da ikon ɗaukar gawon da aka rena tun kafin a haifi ma'aikatansa. Abin da ya ƙaru saboda shi kaɗai ne nasa. Wannan yana min ciwo ta wani gefen, domin ƙa'idar tana nufin wanda ya riga kowa yin abin kirki shi ne ba a biyansa kan tsofaffin itatuwansa. Odita ba zai gyara wannan da ƙara adadi ba, amma yana iya rubuta shi ɓaro-ɓaro, don masu raba kuɗin su sani.

Sai ka bi saran ka ga ina ya koma. In an hana sara a wannan daji, matan garin ba su daina girki ba. Ka je dajin da ke maƙwabtaka ka ƙirga sababbin kututture, ka tambayi masu gawayi inda suke ɗauko kaya yanzu. Abin da aka sare a can ana debe shi daga ribar nan. Haka in shingen aikin ya toshe burtali, dabbobin sun koma wani wuri, kuma an shuka rigimar da za ta iya cinye dashen gaba ɗaya.

Dashe kuma ba a ƙirga shi da yawan ledar da aka raba. Ka je bayan rani na biyu, wajen Mayu kafin ruwa ya sauka, ka ƙirga masu rai a layukan da ka zaɓa da kanka. Tambayi wa ke ban ruwa, wa ke korar awaki, kuma in kuɗin aikin ya ƙare wa zai ci gaba. Tsare-tsaren sayar da kabon sukan ware wani kaso a ajiye saboda gobara ko fari, duba ko kason ya dace da haɗarin wurin. Ka binciki mallaka: gonar gado ce, ko aro, ko jingina, ko haya? Wanda ya sa hannu shi ne mai itacen? Matan da ke tsintar kaɗanya da ɗorawa an hana su shiga? A Nijar dokar 2020 ta amince da haƙƙin manomi kan itacen da ya rena a gonarsa. A Najeriya dokar filaye ta 1978 ta ɗora riƙon ƙasa a hannun gwamna, don haka takardun da za ka nema sun bambanta a ɓangarorin iyakar biyu.

Rubuta sakamako

Kada ka ba da adadi shi kaɗai, ka faɗi iyakar kuskurensa. In hektoci suna da kuskuren kashi 10, kabon na kowace hekta kuma kashi 30, ninka kowanne da kansa, tara, ɗauki tushe: kusan kashi 32. Tan dubu goma a irin wannan hali yana nufin tsakanin 6,800 da 13,200. In za a sayar ne, ga ƙaramin adadin ake karkata.

Ka raba abin da ka gano gida biyu: wanda dole a gyara kafin ka sa hannu, da wanda shawara ce don zagaye na gaba. Kowanne ka nuna shafi, lambar wurin awo, da yawan tan da yake motsawa. Haɗa da fom ɗin fili na asali da aka cike da hannu, hotuna masu kwanan wata, fayilolin taswira, da shafin lissafi wanda fomulolinsa ke buɗe, yadda wani zai maimaita ba sai ya kira ka ba. Ka koma garin ka karanta musu sakamakon da Hausa a gaban mai gari, ka bar musu kwafi, tunda sunan gonakinsu ke ciki.

Wuraren awon kuma za a dawo musu bayan kamar shekara biyar. Kada ka shafa fenti a itatuwan, domin da zarar an gane su za a riƙa lallaɓa su fiye da sauran, su daina wakiltar filin. Binne guntun rodi a tsakiya, ƙasa da inda garma ke kaiwa, ka rubuta lambar GPS, sannan ka ƙara nisa da kusurwa daga abu biyu da ba sa motsi, kamar rijiya ko dutse, saboda GPS na hannu ya kan kauce da mita uku zuwa biyar.